Wasan da Rana ke Komawa Safiya

Filinge, ƙasar Kurfai

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai tarin yawa daga babanki, da fatan wagga takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko a cikin mota kinka buɗe ta, ko sai da kinka sauka gidan gwaggonki Mariyama a Yamai kinka sha ruwa kinka huta. Allah ya tsare hanya, ya tsare direba da motarsa, ya sauke ku lafiya ke da duk wanda kunka shiga tare.

Za ki yi mamakin mi ya kawo takarda tsakanin mutum biyu da ke cin tuwo gida ɗaya. Dalilin shi ne bakina ba ya yi mini biyayya in kina gabana. Sunan uwata anka sa miki, Zainabu, shi ya sa ban taɓa kiranki da shi ba, kuma Allah ya haɗa miki da idanunta. In kin ɗaga su kin dube ni sai in koma yaro, maganar da na shirya tun daga shago ta watse. Ga alƙalami dai ina da ɗan ƙarfi. Ki yi haƙuri da rubutun tela, na karatun manya ne, ba irin naku na lakkwal, makarantar boko, ba.

Shekaranjiya na shigo gida na tarar kin kwance jakar da kinka ɗaure, kin mayar da zannuwanki cikin adaka. Na tambaye ki, kinka ce wai jami'a ba gudu za ta yi ba, baɗi ma shekara ce. Jiya kin sake ɗaurewa, amma don na ce ki ɗaure ne, zuciyarki ba ta ɗauru ba. Na san abin da ya kwance jakar nan. A kansa nake son mu yi magana, kuma sai na faro daga inda abin ya faro.

Kin tuna safiyar da innarki za ta Bonkuku, sunan jikan ƙanwarta Hajo. Ta ce ki zo ku tafi tare ki riƙe mata kaya. Kina zaune bakin ƙofar ɗaki da takardunki a cinya, jarrabawa ta matso. Ba ki ko ɗaga kai ba kinka ce, “Inna, ke kullum biki, kullum suna. Ni karatu gare ni.” Ta tsaya kaɗan tana gyara mayafi, ta ce, “To, malama, a yi karatu lafiya.” Ba ki tashi kin yi mata rakiya ba. Ni na ɗauki ƙullin kayanta na kai ta tasha.

Da la'asar anka kira ni a waya anka ce ta faɗi. Anka kawo ta asibiti nan Filinge, ɓarin jikinta ya shanye, baki ya rufe. Ta yi 'yan kwanaki tana kallonmu ba ta iya cewa komai, sannan mai abu ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙanta, ya sa kabarinta ya zama dausayi.

Bayan an share makoki mutane sunka watse, gida ya rage daga ni sai ke. Kina dafa abinci, kina shara, kina zuwa lakkwal, ba wanda zai ce kin gaza a wani abu. Amma da kin gama sai ki zauna gindin bedi, darbejiyar nan ta tsakar gida, da wayar da gwaggonki ta aiko miki don karatu, ki sunkuyar da kai, yatsunki na motsi, har inuwa ta bar ki ba ki sani ba. In na yi magana sai na maimaita. Maƙwabta sunka fara yi mini tsegumi, wai ɗiyar Garba tela uwarta ta rasu ita ko tana wasa da waya kamar ba a yi komai ba. Maganar ta sosa ni. Wata rana na dawo sallar azahar na same ki haka, na miƙa hannu na zare wayar daga hannunki, na kai ta shago na kulle cikin aljihun keken ɗinki.

Ba ki yi kuka ba, ba ki yi gardama ba. Washegari na dawo na same ki wuri guda, gindin bedin, zama iri ɗaya, kai a sunkuye, hannuwanki a cinya babu komai cikinsu. A nan na gane ba wayar ce ta ɗauke ki daga gare ni ba. Da ma kin tafi, wayar ce kawai abin da kike riƙe da shi. Na yi kuskure, kuma maganar mutane ce ta tura ni. Ga abin da na koya, ki riƙe shi: in kin ga mai baƙin ciki ya rungume wani abu, ko da abin ya yi miki kama da shirme, kar ki ƙwace sai kin zauna kusa da shi kin ga mi ne ne. A Yamai za ki haɗu da 'yan mata daga ko'ina, kowace da nata kayan da ta ɗauko daga gida wanda ba ya cikin jaka. Kar ki yi saurin yanke musu hukunci.

Na mayar miki da wayar, na jawo kujera na zauna gefenki. Na ce, “Uwata, nuna mini abin nan.”

Kinka dube ni kamar kina jiran faɗa ya biyo baya. Da kinka ga ba faɗa, kinka matso.

Wata makiyayiya ce, 'yar mitsitsiya a fuskar wayar kamar ƙwayar wake, da garken awakinta. Da safe za ta fito daga ruga, ta ratsa cikin gari, ta bi ta dawa, dole ta haye wata ƙorama kafin hadarin yamma ya sauko ya cika ta. Hanya cike take da masifa: ga karnuka, ga gonar wani da awakin ke son faɗawa, ga rami. In akuya ta ɓace ko ruwa ya tafi da ita, sai ki danna wani wuri a gefe. Nan take rana ta ja da baya, ruwan sama ya koma cikin hadari, akuyar da ta nutse ta fito da baya da baya ta koma cikin 'yan'uwanta, komai ya koma safiya. Ke dai kin san inda ramin yake yanzu. Sai ki sake fitowa.

Na ce, “To ita akuyar, ta san ta mutu?”

Kinka ce, “Ba ta sani ba, Baba. Ba wanda ya sani sai mai wasan.”

Na ce a ba ni in gwada. Yatsuna sun yi kanta da almakashi, gilashin ba ya jin su sai na danna da ƙarfi, in na danna da ƙarfi kuma yarinyar ta ruga ta faɗa rami. Na kashe awakin nan kisan da ko mahauci ranar kasuwa bai yi ba. A karo na farko tun rasuwar innarki na ji dariyarki, ƙarama, ta hanci, kina rufe baki da gefen hijabi. Na ce a raina ko duk awakin duniya za su ƙare, zan ci gaba da wasan nan.

Akwai wani tsoho cikin wasan da ke zaune bakin hanya kan tabarma. Duk safiya in yarinyar ta zo wucewa sai ya gaishe ta, rubutu ya fito da Faransanci kina fassara mini. Ke kin ji gaisuwarsa har kin haddace, don haka sai ki wuce shi da gudu. Ni kuwa na kasa. Kullum sai na tsayar da yarinyar ta amsa.

Kinka ce, “Baba, ɓata lokaci kake. Ba ya ba da komai. Magana ɗaya yake maimaitawa.”

Na ce, “Awo, na sani. Amma dattijo ne.”

Kuma gaskiyarki, har munka bar wasan bai taɓa ba ni ko tsinke ba, sau da yawa ma tsayawar ce ta sa hadari ya riga ni ƙorama. Duk da haka ina roƙonki ki ɗauki halina a wanga wuri, ba naki ba. A birni za ki riƙa wuce mutane iri ɗaya kowace safiya: mai gadin ƙofa, mai sayar da kopto, kwaɗon zogalen nan, bakin titi, tsohuwar da ke maƙwabtaka da gwaggonki. Za ki san abin da za su ce kafin su buɗe baki. Ki tsaya ki gaishe su. Ki ƙara Zabarmancinki ya wuce gaisuwar “fofo”, ki gaida kowa da harshen da ya tashi da shi in kin iya.

Wasan ya shiga kaina fiye da yadda ya kamata ga mai furfura. Ina shago ina ɗinki ina tunanin ta ina zan bi da awaki in kauce wa karnuka. Ana gab da salla Malam Hamidu, tsohon mushen nan, wato malamin lakkwal, da ya koyar da rabin garin nan, ya kawo mini shadda mai kyau in yi masa kaftani. Na shimfiɗa, na auna, hankalina na bakin ƙorama, na sa almakashi na yanke hannu ɗaya gajere. Na tsaya ina kallon abin da na yi. Wallahi, Uwata, babban yatsana ya motsa shi kaɗai yana neman wurin dannawa. Ba ki taɓa jin wanga labari ba don kunya ta hana ni faɗa miki.

Abin da ya fi yankan muni shi ne abin da na yi bayansa. Na naɗe shaddar na tura ƙarƙashin kaya. In na hango Malam Hamidu tafe sai in shige bayan labule. Har na sake masallacin da nake sallar magariba. Ƙarshe dai ya ritsa ni a shago, na fito da ita na nuna masa, ina jiran abin da zai biyo baya. Ya ɗaga hannun rigar ya duba, ya duba nasa hannun, ya ce, “Garba, wanga ai sai dai in ba jikana. Da ka faɗa mini da wuri da mun sa masa baki da wani ƙyalle, an yi aiki a kai, ba mai ganewa. Yanzu ga salla ta zo.” Haka munka yi daga baya, kuma rigar ta yi kyau, amma bai sa ta ranar idi ba, kuma ɓoyon da na yi ya ja haka, ba almakashi ba. In kin ɓata abu, a makaranta ko a gidan gwaggonki, ki kai kanki tun abin na da ɗumi. Gwaggonki na da kaifin baki, ni na tashi a ƙarƙashinsa na sani, amma faɗanta kamar ruwan bazara ne, ya zuba ya ɗauke. Abin da ba ta yafewa shi ne ta gano da kanta.

Wata rana da yamma kina shago kina taya ni sa maɓalli, ba ki dube ni ba kinka ce, “Baba, da a ce akwai irin wagga dannawa a duniya, wace rana za ka koma?”

Na san ranar da ke kike nufi. Tsoro ya kama ni, sai na ɓuya bayan karin magana. Na ce, “Uwata, da na sani ƙeya ce, a baya take. Musulmi ba ya irin wanga tunani. Abin da Allah ya rubuta ya rubuta.”

Kinka ce, “To, Baba.” Kinka ci gaba da sa maɓalli.

Duk abin da na faɗa gaskiya ne, har gobe ina kansa. Amma ke ba fatawa kinka nema ba. Kin buɗe mini ƙofa ne kaɗan, ni kuwa na mayar da ita na sa sakata. Ki kiyayi wanga hali nawa. Karin magana na da daɗi a baki, tana sa mutum ya ji kamar ya ba da amsa alhali guduwa ya yi. In wani ya kawo miki ciwonsa, ki bari ya gama nuna miki wurin kafin ki ɗauko magani.

Amsar da ya kamata in ba ki ita ce wagga. Ni ma na taɓa zama inda kike zaune. Ina saurayi na tafi kurmi koyon ɗinki, can bakin teku. Babana, kakanki, bai so tafiyar ba, yana son in tsaya gona. Munka rabu ba daɗi, ban ko tsaya ya sa mini albarka yadda ya kamata ba. Ina can ya kwanta ciwo ya rasu. Lokacin babu waya a hannun kowa. Wani ɗan garinmu ne da ya zo cin rani ya ba ni labari a bakin kasuwa, yana zaton na riga na ji, har yana yi mini gaisuwa. An daɗe da rufe shi.

Maimakon in kama hanya in dawo, sai kunya ta riƙe ni. Da wane ido zan dubi uwata? Na zauna can damina ta wuce, wata ta sake wucewa, kullum ina komawa safiyar da na bar gida, ina sake ta a raina: da na durƙusa, da na ce kaza, da na fasa tafiyar. Ban da waya, ban da awaki, amma wasan nan naki na yi shi tun ba a haife ki ba. Ƙarshe dai na dawo, na shigo gida. Kakarki na bakin turmi. Ta dube ni ta ce, “Ka rame.” Ta dama mini fura na sha. Na fara kuka ina neman gafara, ta ce, “Babanka ya tafi da kwanansa, ba da naka ba. Ni da ke raye ce ka bari ina jira. Tashi ka duba rumbu, gara ta shiga.” Iyakar abin da ta ce ke nan, ba ta sake tada maganar ba har ta koma ga Allah.

Ban yi laifi ba da ban ga rasuwar babana ba. Inda na yi laifi shi ne daminun da na bar uwata ita kaɗai ina can ina gyaran ranar da ba ta gyaruwa. Don haka in hutu ya zo ki zo gida, ko kin ci jarrabawa ko ba ki ci ba. Kar kunyar komai ta taɓa tsayawa tsakaninki da ƙofar gidan nan.

Ban iya faɗa miki wanga duka ba a lokacin. Abin da na iya shi ne na ce ki shirya mu je Bonkuku mu gaida innarki Hajo. Kin so ki ƙi, na ga haka a fuskarki, amma kinka shirya. Munka shiga mota a tashar da na raka innarki, munka bi hanyar da ta bi. Hatsi ya yi kai, gonaki kore shar har iyakar gani. Haka har munka sauka.

Hajo ta shimfiɗa mana tabarma a inuwar da anka yi taron sunan. Ana cikin hira, ke da kanki kinka tambaye ta, muryarki can ƙasa: “Inna, ranar nan ta sha maganinta na hawan jini? Ni nake tuna mata kullum.”

Hajo ta ce, “A gabana ta sha. Ta kwance shi daga bakin zane ta kora da fura, har tana cewa in ba ta sha ba malamar gidansu za ta tuhume ta.”

Kinka ce, “Ba ta ce na yi mata rashin kunya ba?”

Hajo ta dube ki, sai ta tashi tsaye. Ta ɗauki faifai ta ɗora a cinya kamar takarda, ta ɗaure fuska, ta turo baki, ta ce da irin muryarki, “Inna, ke kullum biki, kullum suna. Ni karatu gare ni.” Ta ce, “Haka ta yi mana a tsakar gidan nan, mata na ta dariya. Sai da anka sa ta maimaita. Ta ce, ‘Kun ga ɗiyar nan tawa? Bakina ta ɗauko, kan ubanta ta ɗauko. Ku bar ta, wagga sai ta kai Yamai.’ Tana cikin farin cikinta ta tashi za ta ɗauko wa jariri kyauta, ta faɗi.”

Na faɗa miki kusan haka tun farko, cewa a hanyar tasha dariya take yi tana ba ni labarinki, amma kin ɗauka lallashi ne irin na uba. Na faɗa miki likita ya ce jijiya ce ta fashe a kai, ko a ƙofar asibiti ta faɗi sai abin da Allah ya yi. Ba ki ji ba sai da kinka ga Hajo da faifai a cinya. Kinka fara dariya, dariyar ta juye kuka, kinka kifa kai a cinyarta. Na tashi na fita waje na bar ku, na je na tsaya ina kallon awakin mutane.

A mota muna dawowa na ba ki amsar tambayarki, ko da yake ƙarar inji ta cinye rabi. Bari in rubuta ta yadda ba za ta ɓace ba. Da akwai wurin dannawa, ba safiyar Bonkuku zan koma ba. Zan koma wata ranar kaka ne da ba ta da suna, innarki na sheƙar hatsi a tsakar gida, ƙaiƙayi ya hau mata gira, tana yi mana faɗa ni da ke don mun bar ƙofa a buɗe tunkiya ta shiga ta ci mata wake. Ba abin da zan gyara. Ko ƙofar ba zan rufe ba. Zama kawai zan yi in ji faɗan har ƙarshe.

Tun daga tafiyar nan kin rage wasan, har kinka bar shi, ni ma na bari. Ban taɓa haye ƙoramar da garken a cike ba, ke kin haye. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai game da yarinyar nan makiyayiya. Duk komawar da take yi, ita kaɗai ke tunawa. Ta ga ruwa ya ci akuyarta, ta ji zafin, ta dawo safiya, kowa a garin na harkarsa yana murmushi, ba wanda za ta ce wa “ka tuna?” Ban san kaɗaicin da ya kai wanga ba. Haka kinka zauna a gidan nan wata da watanni, kina komawa safiya ɗaya ke kaɗai, ni ina gefe ban sani ba.

Kin ce mini abin da za ki karanta a jami'a shi ne ilimin na'ura, kuma burinki wata rana ki ƙera wasa irin wanga da hannunki, da garuruwanmu a ciki, da dutsen Filinge da rijiyoyin Imanan da mutane masu magana da harshenmu. Ban san yadda ake ɗinka irin wanga abu ba, amma na san ɗinki ne, gunduwa-gunduwa ake haɗawa. In Allah ya kai ki, ina da roƙo ɗaya a matsayina na wanda ya kashe awaki da yawa. In za ki mayar da mutum baya, ki ba shi abokin tafiya. Ko mutum ɗaya ne a garin, ya zama shi ma yana tunawa.

Yanzu ga maganar jakarki. Kin ji Hajo, kin yarda innarki ba ta tafi da fushinki ba. Amma tsoron bai fita ba, wuri ya sake. Kin ga ina shan maganin hawan jini ni ma. Kina lissafi a ranki: in na tafi Yamai, wa zai tuna masa? In anka kira ni da la'asar fa? Kin ƙi raka uwa sau ɗaya, ba ki son a ce kin bar uba. Na gane, kuma Allah ya yi miki albarka da wagga zuciya.

To ki saurara. Magani ina sha, Malam Hamidu ma irinsa yake sha, mun mayar da abin gasa, kullum bayan asuba sai ya tambaye ni a ƙofar masallaci. Matar ƙanena za ta riƙa aiko tuwo. Shago na nan, ƙafata na taka keke, ban tsufa yadda kike zato ba. Ina sa ran in ga ranar da za ki gama, in ɗinka wa kaina riga mai hannuwa daidai in zo Yamai in zauna a gaba.

Amma rai ba a hannuna yake ba, ba kuma a hannunki ba. Zamanki gindin bedi ba zai ƙara mini kwana ɗaya ba, tafiyarki ba za ta rage ba. Innarki ba ta samu bakin da za ta sallame ki ba, shi ya sa kinka sha wahalar nan. Ni ina da baki yau, ina da hankalina, ga alƙalami a hannuna, don haka zan yi tun yanzu. In wata rana anka kira ki kina aji, ko kina barci, ko wayarki na kashe, ko mun yi saɓani a magana ta ƙarshe kinka ajiye waya kina fushi, ki sani babu komai tsakanina da ke sai alheri. Na yafe miki abin da kinka yi da wanda ba ki yi ba tukuna, duniya da lahira. Ni na ce ki tafi. Da yardata kinka tafi, da alfaharina. Ba wata safiya da za ki koma ki gyara saboda ni.

Ke ma ki yafe mini.

Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki ci abinci ko ba ki jin yunwa, ke ma kina da ramar nan ta gidanmu. Ki gaida gwaggonki da maigidanta da yara, ki ce mata ƙanenta na nan yana jin maganarta ko daga nesa.

Allah ya tsare ki a tafe da zaune, ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kau da mugun ji da mugun gani. Allah ya buɗe miki kai, ya sa albarka a abin da za ki koya, ya amfanar da ke ya amfanar da mutane da ke. Allah ya jiƙan innarki da kakanninki. Ya sada mu da alheri.

Sauka lafiya, Uwata.

Ni ne babanki,
Garba tela